Tambaya da Amsa: Sayen Hular Kwano ta Intanet, Shafin da Ya Ƙi Aiki da Tallan da Ke Bin Mutum

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, daga Garwa da Ngaundere da Kuseri, kuma dukkansu a kan sayen kayan kariya na masu babur ta intanet suke. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya daga wani ɗan kilando, wato mai babur na haya, a Garwa: Assalamu alaikum. Ni nake riƙe da asusun ƙungiyarmu ta masu babur a unguwa, kuma mun yanke shawarar sayen hulunan kwano da safar hannu daga wani shagon intanet na ƙasar Faransa. Da Opera Mini nake shiga intanet saboda ba ya cin data. Hotunan kayan suna fitowa, amma idan na taɓa wurin zaɓen girman hula ko wurin biyan kuɗi, babu abin da ke motsi. Da na gwada Chrome ɗin da ya zo da wayar, sai ya rubuta mini "Votre connexion n'est pas privée", wato hanyata ba ta da sirri. A kwamfutar ɗan yayana kuwa shafin yana aiki lafiya lau. Wayata ce ta lalace, ko shagon ne ba ya son mutanen Kamaru?

Amsa: Wa alaikumussalam, Malam. Wayarka ba ta lalace ba, kuma tunda shafin yana aiki a kwamfutar ɗan yayanka wanda shi ma a Garwa yake, shagon bai rufe wa Kamaru ƙofa ba. Matsaloli biyu ne daban-daban suka haɗu maka a waya ɗaya.

Ta farko daga yadda aka ƙera Opera Mini take. Idan an sa shi a matakin tsimin data mafi tsanani, ba wayarka ce ke ɗauko shafin kai tsaye daga shagon ba. Manyan kwamfutocin kamfanin Opera ne ke ɗauko shi, su matse shi, su rage nauyin hotunan, sannan su turo maka abin da ya rage. Wannan dabara ce mai kyau ga wanda yake karanta labarai da ƙaramin kuɗin data, amma shagunan intanet na yau sun dogara ne da ƙananan umarni da ake kira JavaScript, waɗanda dole su yi aiki a cikin wayar mai saye a daidai lokacin da ya taɓa maɓalli. Su ne ke sauya farashi idan ka zaɓi wata hula, su ne ke saka ta a kwandon saye, kuma su ne ke buɗe tagar da bankinka zai nemi lambar tabbatarwa da ya turo maka ta saƙon waya. Idan an matse shafin tun daga nesa, yawancin waɗannan umarni ba sa isowa da ransu, shi ya sa kake ganin hoto amma maɓallin ya zama kamar zane. Ka ci gaba da duba kaya da kwatanta farashi da Opera Mini idan kana so, amma ranar saye ka kashe tsimin datar ko ka koma wata birauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome. Haka nan idan daga Facebook ka taɓa adireshin shagon, shafin yakan buɗe ne a cikin manhajar Facebook ɗin kanta, wurin da biyan kuɗi yakan maƙale. Gara ka kwafi adireshin ka buɗe shi a waje.

Ta biyu ita ce gargaɗin da Chrome ya yi maka, kuma ina roƙonka kada ka tsallake shi. Kowane shafin da adireshinsa ya fara da https yana gabatar wa birauza da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, ita kuma birauzar tana duba ta da jerin hukumomin da ta amince da su kafin ta yarda ta kulle bayanan da za su wuce tsakaninku. Abu na farko da za ka duba shi ne kwanan wata da agogon wayarka, domin wayar da batirinta ya mutu ko aka cire shi takan koma wata tsohuwar shekara, sai ta ɗauka cewa takardar shaidar ba ta fara aiki ba tukuna. Sau da yawa gyara agogo kaɗai yake kawo ƙarshen maganar. Idan agogon daidai yake, to tsufan wayar ne. Wayoyin Android da ba su kai sigar 7.1.1 ba ba su san sabuwar takardar asali ta Let's Encrypt ba, hukumar da ke ba ɗimbin shafuka shaidarsu, kuma dabarar da aka yi amfani da ita don lallaɓa waɗannan tsofaffin wayoyi ta ƙare a 2024. Firefox na Android yana zuwa da nasa jerin hukumomin, saboda haka yakan buɗe shafin da Chrome ɗin tsohuwar waya ya ƙi, muddin wayar tana iya ɗaukarsa. Ka shiga Play Store ka sabunta Chrome tukuna. Idan ya ƙi sabuntuwa, ka gwada Firefox. Idan shi ma ya ƙi, ka yi sayayyar a kwamfutar ɗan yayanka, ka fita daga asusun idan ka gama.

Masu shaguna ba don wulaƙanci suke barin tsofaffin birauzoji a baya ba. Tun 2020 manyan birauzoji suka daina karɓar tsofaffin hanyoyin kulle bayanai na TLS 1.0 da 1.1 saboda raunin da aka gano a cikinsu, kuma a ranar 15 ga Yunin 2022 kamfanin Microsoft ya yi ritayar tsohuwar birauzarsa Internet Explorer. Duk da haka ina ganin akwai laifi a wuyan shagon da yake son kuɗin mutanen Afirka amma bai taɓa gwada shafinsa a ƙaramar waya mai raunin sigina ba.

Tambaya daga wata uwa a Ngaundere: Ɗana ya fara aikin babur, na ari wayar ƙanwarsa na duba masa hular kwano a wani shafi. Wani rubutu ya tare mini fuska yana maganar kukis, na taɓa "Tout accepter", wato na yarda da duka, don ya kauce. Tun daga ranar, duk inda yarinyar ta shiga a Facebook sai tallan huluna ya biyo ta, har da ainihin wadda na duba. Hankalina ya tashi, domin a wannan wayar muke ajiye kuɗinmu na Orange Money. Shin sun shiga wayar ne? Za su iya kwashe kuɗin?

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar da hankali, ya kuma tsare yaron a kan hanya. Babu wanda ya shiga wayar, kuma kukis ba su da ikon taɓa kuɗin Orange Money ko na MTN Mobile Money. Kuki ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a birauza, wanda girmansa ba ya wuce kimanin kilobait 4. Ba manhaja ba ne, ba ya aiwatar da komai da kansa, ba ya karanta saƙonni, ba ya buɗe hotuna, ba ya sauraren hira, kuma ba ya ganin lambar sirrin da ake bugawa a wajen tura kuɗi.

Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a 1994 yana aiki a kamfanin Netscape, kuma buƙatar kasuwanci ce ta kawo shi. Asalin tsarin intanet ba ya tuna mutum daga shafi zuwa shafi. Idan kika zaɓi hula a shafi na farko kika wuce na biyu, shagon ya riga ya manta da ke. Aikin kuki kamar na ɗan katin nan ne mai lamba da mai gadin babura yake bayarwa a bakin kasuwa: katin ba babur ba ne, ba ya ɗauke da sunan kowa, amma idan aka nuna shi mai gadin ya san wane babur ake nufi. Da irin wannan lamba shagon yake gane cewa kwandon da ke ɗauke da hula mai girman 58 naki ne, cewa Faransanci kika zaɓa, kuma Kamaru za a kai kayan. Waɗannan su ne kukis na dole, kuma wanda ya toshe su gaba ɗaya saboda tsoro zai tarar kwandonsa yana zubewa kafin ya kai wurin biya.

Tallan da ke bin 'yarki daga wani rukuni ya fito. Shaguna da yawa suna dasa wata 'yar alama ta kamfanonin talla a shafukansu, irin ta Google ko ta Meta mai Facebook da Instagram da WhatsApp. Da kika buɗe hoton hular, alamar ta sanar da kamfanin cewa wannan birauzar ta duba wannan kaya, kamfanin kuma ya haɗa labarin da asusun Facebook ɗin da ke wayar, sai shagon ya biya kuɗi a riƙa tuna wa mai wayar da hular. Abin da aka tara shi ne tarihin abin da ake dubawa da abin da ake sha'awa, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu ba, musamman a gidajenmu inda waya ɗaya take zagayawa tsakanin uwa da 'ya'ya da maƙwabta. Yau hula ce, ba ta da abin kunya. Gobe wani zai nemi bayani a kan rashin lafiya ko bashi, tallan ya fito a gaban wanda bai kamata ya gani ba.

Rubutun da ya tare miki fuska dokar Turai ce ta tilasta shi. Tun gyaran da aka yi wa dokar Tarayyar Turai a 2009 aka wajabta neman izini kafin a ajiye kukis waɗanda ba na dole ba, sannan babbar dokar kare bayanai da ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018 ta ƙara tsaurara ma'anar izinin. A Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sanar da tarar yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, saboda sun sauƙaƙa amincewa sun wahalar da ƙin amincewa. Shi ya sa a shafukan Faransa za ki ga "Tout refuser" ko "Continuer sans accepter", wato ƙin duka ko wucewa ba tare da amincewa ba, wani lokaci da ƙananan haruffa a can kusurwa. Ki taɓa ɗaya daga cikinsu ba tare da fargaba ba, domin kukis na dole za su ci gaba da aiki kuma sayayya ba za ta tsaya ba. A wajenmu ma akwai doka: Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutum a Disambar 2024, Chadi kuwa tana da tata tun 2015, tare da hukumar ANSICE da ke kula da ita, ko da yake sanin mutane game da haƙƙinsu a nan bai kai yadda ake so ba.

Gyaran abin da ya riga ya faru ba shi da wuya. A Chrome, a taɓa ɗigo ukun da ke sama, a shiga "Paramètres", sannan "Confidentialité et sécurité". A nan za a iya share kukis ɗin da suka taru, a kuma toshe na kamfanonin waje. Sai dai a sani cewa sharewar za ta fitar da yarinyar daga asusun da ta shiga ta birauzar, don haka ta tabbata tana tune da kalmomin sirrinta kafin a fara. Firefox ya fara toshe kukis masu bin sawu da kansa tun 2019, Safari na wayoyin iPhone ya toshe na waje baki ɗaya a 2020, amma Google, wanda ya yi alkawarin yin haka a Chrome a farkon 2020, ya janye alkawarin a Yulin 2024, saboda haka mai Chrome shi zai yi wa kansa. Idan kuma wayar aro ce, a buɗe shafin sirri, wato "navigation privée", wanda ke goge kukis da tarihi da zarar an rufe shi, ko da yake ba ya ɓoye mutum daga shagon ko daga kamfanin sadarwa.

Inda kuɗi ke salwanta a zahiri, Hajiya, shi ne abin da mutum ya rubuta da hannunsa ko ya faɗa da bakinsa. Babu shagon gaskiya da zai nemi lambar sirrin Orange Money a rubuce a shafinsa ko ta WhatsApp, kuma babu ma'aikacin kamfanin sadarwa da zai kira ya nemi a karanta masa lambar da aka turo ta saƙo. Alamar kwaɗo da ake gani kusa da adireshi ma ba shaidar amana ba ce, tana nuna cewa hanyar a kulle take ne kawai, kuma shafin 'yan damfara yana iya samunta kyauta; wannan ruɗanin na cikin dalilan da suka sa Chrome ya cire alamar a 2023. Kuki ɗaya ne yake da haɗari na gaske, shi ne wanda ke riƙe da shigar mutum cikin asusunsa: wanda ya bar asusu a buɗe a kwamfutar haya ta wurin shiga intanet na unguwa ya bar wa na bayansa ƙofa.

Tambaya daga wani matashi a Kuseri: Ina ganin hula a intanet ta yuro 60, ga kuma wasu a Facebook da ake cewa sefa 8,000 kuma "original" ce. Ta yaya zan gane ta ƙwarai daga hoto, kuma nawa za ta tsaya mini idan ta iso?

Amsa: Ƙanena, mu fara da lissafi, domin shi yakan sanyaya gwiwa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, farashin da ba ya hawa ba ya sauka, don haka yuro 60 ya kama kimanin sefa 39,400. A ce kuɗin aikowa yuro 35 ne, jimilla ta zama kusan sefa 62,300. Jami'an duwan suna lissafa harajinsu ne a kan kuɗin kaya haɗe da na dako, kuma matakan harajin shigo da kaya da ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, suka daɗe suna amfani da su su ne kashi 5, 10, 20 da 30 cikin ɗari, sannan a ɗora harajin ciniki na TVA na Kamaru, kashi 19.25 cikin ɗari, a kan jimillar. Idan matakin 20 ko na 30 aka ɗora, hular za ta tsaya tsakanin kimanin sefa 89,000 da 97,000, kafin kuɗin motar da za ta ɗauko ta daga Duwala ko Yawunde zuwa arewa mai nisa. Abu ɗaya da zai rage maka nauyi shi ne farashin shagunan Faransa yana ɗauke da harajinsu na cikin gida na kashi 20 cikin ɗari, wanda ake cirewa idan kayan za su fita daga Tarayyar Turai, don haka ka zaɓi Kamaru a wurin ƙasar da za a kai kaya ka ga ko farashin ya sauka. Yawancin waɗannan shaguna katin Visa ko Mastercard suke karɓa, kuma na fi son katin da ake loda masa kuɗi, a zuba masa daidai abin da za a kashe. Jumia, kasuwar nan ta intanet, ta rufe harkarta a Kamaru tun Nuwambar 2019, kuma ana yin cinikin cikin gida ta Facebook da WhatsApp, inda shawarata ita ce kada ka tura kuɗi gaba ɗaya sai kayan sun zo hannunka ko hannun wanda ka amince da shi.

Hoton waje ba ya nuna ingancin hula, saboda fenti da sitika kowa yana iya yinsu. Abin da ke ceton kai shi ne farin soso mai tauri da ke tsakanin ƙoƙon waje da lallausan yadin ciki, wanda ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugu kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Hular bogi ba ta da shi, ko kuma nata siriri ne da za ka iya lotsa shi da ɗan yatsa. Ka nemi mai sayarwa ya ɗaga yadin ciki ya ɗauko maka hoton soson, sannan ya ɗauko hoton ƙyallen da aka ɗinka a jikin igiyar haɓa. A hular da ta ci jarrabawar ECE, ƙa'idar ingancin hula da ake bi a Turai, za ka ga da'ira mai harafin E da lambar ƙasar da ta ba da izini, misali E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E9 Sifen, a ƙasanta kuma dogon lamba da ke farawa da 05 ko 06, wato tsohuwar ƙa'ida ta 22.05 ko sabuwa ta 22.06 mai tsauraran gwaje-gwaje. Harafin P yana nufin sashen haɓa yana ba da kariya, J hula ce mai buɗaɗɗiyar fuska, NP kuwa tana da sashen haɓa amma ba a amince da shi a matsayin kariya ba. Alamar DOT ta Amurka kamfani ne da kansa yake shaidar cewa ya cika ƙa'ida, kuma sitikarta ta fi sauƙin kwaikwaya. Ana iya ƙirƙirar ƙyallen ECE na ƙarya shi ma, amma mai sayarwar da ya ƙi nuna maka shi ya riga ya ba ka amsa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna cewa sa hula yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69, kuma da hula ta ƙwarai mai ɗaurarriyar igiya ake samun wannan.

Girma shi ne inda masu saye daga nesa suka fi yin asara, tunda mayar da kaya Turai daga Kuseri zai iya cin kuɗin wata hular. Ka cire hularka ta gargajiya, ka sa tela ya zagaya kanka da tef ɗin awo kimanin santimita 2 sama da gira, ta wurin da ƙeya ta fi tudu. A yawancin kamfanoni 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL, amma ka bi jadawalin kamfanin da kake saye a wurinsa, domin sukan ɗan bambanta. Sabuwar hula tana matse kumatu kaɗan, kuma haka ake so. Wadda ke juyawa idan ka girgiza kai ta yi maka yawa. Saboda zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a yankinmu, ka zaɓi mai haske mai ƙofofin iska, da gilashi garau wanda za ka iya gani da shi da dare da kuma cikin ƙurar hunturu. Safar hannu ta ƙwarai tana ɗauke da lambar EN 13594, rigar kariya kuma EN 17092, kuma akwai mai raga-raga da iska ke ratsawa.

Idan ta iso, kada ka saye ta da tsada ka kashe ta da sakaci. Hular da ta bugi ƙasa da kai a cikinta ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a waje ba, domin soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, dalilin da ya sa ba na ba da shawarar sayen ta gwanjo. Fetur kuma yana narkar da wannan soso, saboda haka idan ka tsaya shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba, a bakin hanya kada ka kifa hular a kan tanki ko kusa da kwalaben mai, kuma idan za ka wanke ta, ruwa da sabulu mara ƙarfi sun isa.